Me za mu kira ƙarfen da ake sa wa karayar saman cinya?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar amincewa da tiyata da Hausa, ta karayar saman ƙashin cinya, daga wuyan ƙashin zuwa ƙasan ƙullutunsa, wato tudun ƙashin da ake tabawa a gefen saman cinya. Kalmomi biyu ne suka tsaya: "implant" da "nail". A baki kowa "an sa masa ƙarfe" yake cewa, amma takardar da mutum zai sa wa hannu dole ta faɗi wane ƙarfe ne. An kawo "dashe" da "ƙusa". Likitoci, ya kuka gani?

Likitan Ƙashi: Wa alaikumus salam, Malam. A ajiye "dashe" gefe. Kunnen mutane ya saba da dashen ƙoda, kuma a fanninmu akwai dashen ƙashi na gaske, inda ake ɗebo ƙashi daga ƙugu a cike karayar da ta ƙi haɗewa. In aka ba ƙarfe wannan sunan, ranar da ake buƙatar duka biyun bayani zai cakuɗe. Ni "ƙarfen ɗori" na zaɓa. Duk wanda ya san karan ɗori na maɗori zai gane cewa ƙarfen ba ya haɗa ƙashi, riƙe shi kawai yake yi har jiki ya ɗinke.

Likita daga Maraɗi: Na yarda da ƙarfen ɗori. Ta biyun kuwa "ƙusar ɓargo" nake goyon baya. Gerhard Küntscher, likitan Jamus da ya fara wannan aiki a Kiel a 1939, sunan da ya ba ta da Jamusanci ke nan, ƙusar ɓargo. Mu ma a nan da Faransanci ƙusa ake cewa.

Likitan Ƙashi: Tarihin haka yake, Likita, amma dubi abin da kansa. Gajerar tana da tsawon santimita 17 zuwa 24, doguwar tana kai 40. Kaurinta a sama kusan milimita 16 ko 17, a ƙasa 9 zuwa 12, cikinta rarake, yawanci da titaniyam ake ƙera ta. Ana ɗan tsaga fata a saman ƙullutun cinya, a zura siririyar waya cikin ramin ɓargo ana kallo a na'urar hoto, a buɗe mashigar, a tura ƙarfen ya bi tsawon ƙashin. Sai a ratsa ta da babban sukuru da zai haura ta wuya zuwa kan ƙashin a kusurwar digiri 125 ko 130, a ɗaure ƙasa da ƙaramin sukuru ɗaya ko biyu don kada ƙafa ta murɗe ko ta gajarta. Ina ƙusa a nan? Ka ce wa tsohuwa za a buga mata ƙusa a cinya, 'ya'yanta su ɗauke ta cikin dare. "Sandar ɓargo" ta fi.

Nas ɗin Tiyata: Ga kuma rubutu. A waya mutane ba sa sa lanƙwasa, ƙusa ta koma kusa. Sanda ba ta da wannan matsalar.

Amma ranku ya daɗe, kun bar wani nau'in ƙarfen ɗori, DHS ("dynamic hip screw"), alhali ita ce ta fi sauƙin kuɗi. Ba ta shiga ɓargo. Fallen ƙarfe ne da ake jinginawa a gefen ƙashi, a ɗaure da sukuru biyu zuwa huɗu, a samansa akwai bututu, galibi a digiri 135. Babban sukurun da ke cikin kan ƙashin yana zamewa a bututun kamar sakatar ƙofa, don in mutum ya taka, bakin karayar ya matse da juna. Wanda ya ce mata "faranti" ya ɓata, na cin abinci za a ɗauka. A ce "falle mai sukurun zamiya".

Likitan Ƙashi: Madalla, Hajiya. Kuma bambancin sunayen yana da amfani, domin ba kowace karaya ce ke karɓar kowanne ba. In layin karayar ya karkata saɓanin yadda aka saba, ko ta sauka ƙasan ƙullutu, ko bangon ƙashin na waje ya fashe, zamiyar nan ita ce illa: ƙashin ƙasa sai ya sulale ciki, aikin ya rushe. Nan sanda ake so. Abin da ya fi lalata duka biyun shi ne sukuru ya yanko kan ƙashin ya fito sama, musamman a ƙashin tsofaffi da ya yi laushi. Dalili yawanci wurin ajiye shi ne. Ana auna tazarar bakin sukurun zuwa ƙololuwar kan ƙashin a hoton gaba da na gefe, a haɗa. Baumgaertner, wani likitan ƙashi na Amurka, ya nuna a 1995 cewa in jimlar ta wuce milimita 25, haɗarin yana tashi. Takardar ta faɗi wannan da sunan "ɓullowar sukuru", ta ƙara da karyewar ƙarfe in ƙashi ya ƙi haɗewa, da ruɓar ciwo.

Wuyan ƙashi kuma daban ne. In bai goce ba, sukuru uku masu rami ake jerawa. In ya goce a jikin tsoho, jini ba ya ƙara isa kan ƙashin yadda ya kamata, sai a cire shi a sa na ƙarfe. Wannan ba ɗori ba ne, canji ne, kada a sa shi ƙarƙashin ƙarfen ɗori. A ce "kan cinya na ƙarfe".

Likita daga Maraɗi: Na sallama a takardar marasa lafiya. A ajin ɗalibai dai zan ci gaba da ƙusar ɓargo, don ita za su tarar a littattafansu.

Mai Fassara: To, abin da zai shiga takarda: ƙarfen ɗori, sandar ɓargo, falle mai sukurun zamiya, kan cinya na ƙarfe, ɓullowar sukuru. Hajiya, in da hali a karanta wa masu jinya a ɗakin maza da na mata, a ji ko "zamiya" ba ta sa su zaton ƙarfen ya kwance ba.