Dokar hana saƙonnin talla a Saudiyya: wa take rufa wa asiri?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum. Ana cewa dokar hana saƙonnin talla barkatai ta zo ne don kare sirrinmu, amma ko layin waya ba ya samuwa sai da iƙama, wato katin izinin zama, da zanen yatsa. To ina sirrin yake? Sannan mai shagon kargo da ke son tura wa kwastomominsa saƙo, me doka ta gindaya masa?

Injiniya Riyad:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai karɓar saƙo dokar take karewa, mai turawa kuwa fuskarsa take buɗewa. Sunan kamfanin da kake gani a saman saƙo sai an yi masa rajista ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar sadarwa ta CST, kuma na talla yakan ƙare da AD. In saƙon damfara ya shigo maka, tura shi zuwa 330330. Ana iya bin sawun mai shi ne saboda tun 2016 layi yake ɗaure da zanen yatsa, kuma wannan ɗaurin bai bambanta ɗan damfara da mai gaskiya ba.

Inda 'yan'uwanmu suke ƙonewa shi ne cirar wa wani layi da iƙamarsu don kara. Duk abin da aka aikata da layin, sunanka ne zai fara fitowa. Shiga shafin Mutasil na hukumar CST ta hanyar Nafath, manhajar gwamnati ta tantance shaida, ka buɗe sashen Arƙami, ka ga lambobin da ke kan sunanka. Wadda ba ka sani ba, kai ƙorafinta nan take.

Hajiya Ummu Makka:
Malam, batun mai kargo kuma wata dokar ce, ta kare bayanan mutane, wadda ta fara aiki a Satumba 2023, hukumar bayanai ta SDAIA ke kula da ita. Lambar da kwastoma ya bayar don a sanar da shi isar kayansa Kano, ba izinin talla ba ce. Sai an nemi yardarsa daban, an ajiye shaidar ranar da ya yarda, an kuma bar masa hanyar cewa a daina. Tara tana iya kaiwa Riyal miliyan 5. Zuba lambobin mutane cikin zauren WhatsApp ba da saninsu ba ya fi muni a ganina, tunda kowa na ganin lambar kowa, har da ta matan aure.

Malamin Kwamfuta:
Hajiya ta yi daidai. Tambayar Ɗan Jidda ta taɓa zuwa kotu a Amurka. Dokarsu ta CAN-SPAM ta 2003 ta hana ƙarya a bayanan mai tura imel na talla, ta kuma wajabta sa adireshinsa na gidan waya. Jihar Bajiniya ta zarce haka, sai kotun ƙolin jihar ta soke dokarta a 2008, saboda dokar ta hana ɓoye suna har a saƙon addini da siyasa, ba na kasuwa kaɗai ba.

A aikace, kashe buɗe hotuna kai tsaye a imel ɗinka. Akan saka ɗan mitsitsin hoton da ido ba ya gani, wanda ke gaya wa mai turawa lokacin da ka buɗe saƙon. Maɓallin daina karɓa kuma a danna shi ga kamfanin da aka sani kawai. Ga baƙon mai turawa, dannawar tabbatar masa take yi cewa akwai mutum a adireshin.