An ce a yi wa maiɗakina eko, ya zama dole ne?

Abban Khalil, Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maiɗakina ta haihu wata biyu ke nan, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Da dare sai an jera mata filo take iya barci, in ta kwanta sosai numfashi ya sarƙe. Likita ya ce zuciyarta ce ta gaza. An yi hoton ƙirji, an yi ECG (awon bugun zuciya), yanzu kuma wai eko, wato hoton cikin zuciya, ga hidimar suna ba ta gama sakina ba. Tunda an san ciwon, ba sai a ci gaba da magani ba?

Hajiya Babba: Ɗana, kumburin jego ne. A dage da wanka da kunun kanwa, zai saɓe.

Likitan zaure: Hajiya, a yi mini afuwa, kanwa gishiri ce, ƙara tara mata ruwa za ta yi. A dakatar da kunun tukuna.

Abban Khalil, an san zuciyar ta gaza, ba a san abin da ya gazar da ita ba. Hoton ƙirji girmanta yake nunawa da ruwan huhu, ECG kuma yadda take bugawa. Eko ne ke nuna ta tana cikin aiki: kaurin bangonta, ƙofofin da jini ke bi, da yawan jinin da take turawa a kowane bugu. Lafiyayya takan tura kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ya cika ta, ƙasa da 40 rauni ne sosai. Hawan jini kan kaurara bango. Ƙofar da ta lalace tun ciwon maƙogwaro na ƙuruciya wani lokaci sai tiyata. Ciwon zuciyar masu jego kuwa, wanda ya yi yawa a Arewa har likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, buɗe zuciyar yake yi ta saki. In shi ne, da sakamakon eko za a ba ku shawara kan haihuwa ta gaba, kuma wannan ba maganar wasa ba ce.

Maman Hanifa: Kar ta ji tsoro, irin na'urar awon ciki ce. Za ta kwanta ta gefen hagu, a shafa mata mai mai sanyi a ƙirji. Ba allura, kuma ba ya shafar ruwan nono.

Abban Khalil: Na gode, Allah ya saka. Ina zan kai ta?

Likitan zaure: Tambayi sashen zuciya a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, ko ku je asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. Ku riƙe takardun baya da magungunanta. In numfashin ya tsananta cikin dare, kar a jira ranar eko, a wuce asibiti kai tsaye.