Da gaske ne wata marubuciya ta ajiye kujerar mataimakiyar shugaban Bulgeriya?

Ummu_Hanan: Salam 'yan uwa, dan Allah wa ya san tarihin Blaga Dimitrova? Na ji wai mai rubuta waƙoƙi ce ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a Bulgeriya, kuma ita da kanta ta ajiye muƙamin ba korarta aka yi ba, ni dai abin ya ɗaure min kai wlh, me ya yi zafi haka?

Dan_Boko77: Wslm. Gaskiya ne Hajiya. An haife ta 1922 ta rasu 2003 a Sofiya. A zaɓen Janairun 1992 ta hau tare da shugaban ƙasa Zhelyu Zhelev, tafiyar ko shekara biyu ba ta kai ba, 1993 ta yi murabus. Abin da ya raba su shi ne gwamnatin firaminista Filip Dimitrov ta masu adawa da kwaminis ta faɗi ƙarshen 1992, aka kafa ta Lyuben Berov da goyon bayan tsofaffin 'yan kwaminis da suka sake suna, ita kuma tana ganin da hannun Zhelev a ciki, mutanen da aka sha wuya kafin a kawar sun dawo ta bayan gida, sai kawai ta tattara komatsanta. Kujerar haka ta zauna ba kowa har 1997.

Malam_Sabo: Toh amma a riƙa faɗar gaskiya duka fa. Da ƙuruciyarta ita ma ta yi waƙoƙin yabon shugabannin kwaminis ɗin, daga baya ne ta dawo daga rakiyarsu.

Dan_Boko77: Haka ne Malam, ba na musu. Sai dai juyawar ba a baki ta tsaya ba, littafinta Litse, wato Fuska, ya fito 1981 lokacin shugaban kwaminis Todor Zhivkov na kan ganiyarsa, hukuma ta sa aka kwashe shi daga shagunan littattafai. Kuma tana cikin 'yan bokon da shugaba Mitterrand na Faransa ya yi karin kumallo da su a ofishin jakadancin Faransa da ke Sofiya Janairun 1989, wata goma kafin Zhivkov ya sauka, zuwa wurin nan ma sai mai ƙarfin hali.

Ummu_Hanan: Ikon Allah. Ni kam da ni ce ita zama zan yi a yi ta gwabzawa daga ciki, fitar me ta gyara?

Malam_Sabo: Hajiya kujerar ce ba ta da wani iko, mafi yawan aikin sa hannu kan afuwar fursunoni ne da takardun zama ɗan ƙasa, da wane makami za ta gwabza?