Abin da aka tattauna a Kaduna kan asarar da makanta ke jawowa

Mahalarta wani zama da aka yi kan makanta sun fi tsayawa kan yanar ido. Misali, tela a Kasuwar Barci da ya daina ganin kafar allura ya bar ɗinki, sannan a cire jikarsa daga makaranta ta riƙa yi masa jagora. Asara biyu ke nan, alhali aikin cire yanar bai cika wuce rabin awa ba. Shawararsu, gwamnati da masu hannu da shuni su ɗauki nauyin aikin, tunda ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a garin. Ni ma nan na fi gamsuwa.

An taɓo maganin Mectizan, da ake rabawa kyauta tun 1987 don makantar bakin kogi. Hawan jinin ido kuwa, gwaji da wuri suka ce, domin ganin da ya tafi ba ya dawowa.