Wa ya san wani mawaƙin Turai mai suna Schubert?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Daren jiya an ɗauke wuta, zahi ya hana ni kwana sai na hito tsakar gida ina ta latse-latsen waya a YouTube, kawai na ci karo da wata waƙa da Jamusanci, mutum guda na rerawa wani na kaɗa piyano. Wallahi ko kalma ɗaya ban gane ba amma tsikar jikina sai da ta tashi, kiɗin kamar doki na sukuwa ba tsayawa. Sunan da anka rubuta Schubert, Erlkönig. Don Allah wane ne wanga mutum, mi waƙar ka cewa, kuma wane sarki ne ubangidanai?

Malamin Dundaye:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kunnenka bai yaudare ka ba, dokin ne kuwa. Uba ne ya ɗauko ɗansa cikin dare bisa doki suna gudu zuwa gida, yaron na ta cewa baba ga sarkin aljanu can yana kirana, uban na lallashi yana cewa hazo ne, iska ce ke kaɗa busassun ganye, har sunka isa gida ya duba yaron ya riga ya cika a hannunsa. Ka koma ka saurara da kyau, murya huɗu mawaƙin nan ke yi shi kaɗai, mai ba da labari da uba da yaro da aljanin, kuma muryar aljanin ita ta fi zaƙi, nan ne abin tsoron yake. Baitocin na Goethe ne, shahararren marubucin waƙoƙi Bajamushe, Franz Schubert ya ɗora musu kiɗi a 1815 yana shekara 18 kacal. An haife shi a Vienna ta ƙasar Ostiriya a 1797, babansa malamin makaranta ne, shi ma ya ɗan koyar a makarantar uban amma zuciyarsa ba ta wurin. Ya bar waƙoƙi sama da 600 kuma shekara 31 kawai ya yi a duniya.

Hajiyar Arkilla:
Malam ka bar masa tambayar ubangida, kuma ni nan ne labarin ya fi taɓa ni. Mu nan mun saba makaɗi da fadarsa, Jankiɗi na da Sarkin Musulmi, Narambaɗa na da Sarkin Gobir na Isa, akwai doki akwai riga akwai hatsi. To Schubert bai samu wannan gatan ba, ya nemi aikin kiɗa a fadar Vienna bai dace ba. Abokai ne sunka riƙe shi, yau ya sauka ɗakin wannan gobe na wancan, da dare su taru falon wani ya zauna gaban piyano da ɗan tabarau ɗinsa, gajere ne sosai, ya yi ta kaɗa musu sababbin waƙoƙi. Har abokan sun tattara waƙoƙinsa sun aika ma Goethe a 1816, anka maido su ba ko kalma guda. Duk rayuwarsa sau ɗaya tak anka yi taron jama'a na kiɗansa zalla, a watan Maris 1828, zuwa Nuwamba ya rasu a gidan wansa Ferdinand. Abin na ba ni tausayi ƙwarai.

Malamin Dundaye:
Haka ne Hajiya. Kuma a 1827 yana cikin waɗanda sunka riƙe fitilu a jana'izar Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa Bajamushe, da nasa lokacin ya zo kusa da kabarin Beethoven ɗin anka rufe shi. Wani babban kiɗansa na 1822 da bai ƙarasa ba, kashi biyu kawai ya kammala, sai a 1865 jama'a sunka fara jin sa. Ƙanena in kana da data ka nemi Winterreise, waƙa 24 ce a jere kan wani matafiyi cikin hunturu, amma kada ka yi gaggawa, ɗaya-ɗaya zaka bi ta.

Ɗan Mabera:
Na gode Malam, na gode Hajiya, Allah shi saka da alheri. Na sake jin ta ɗazu har sau uku, wurin da yaron ke kiran babansa muryar na ƙara hawa kowane karo, sai da na tashi na leƙa ɗakin yarana.