Bashi ba aikin 'yan sanda ba ne

Jiya a majalisarmu ta Tudun Wada an daɗe ana muhawara kan wani tela da aka kulle saboda bashin shadda. Abin ya ƙona mini rai.

Wani lauya daga unguwar Kongo ya warware mana: bashi, gado, haya da rikicin gona shari'ar neman haƙƙi ce. Kai za ka shigar da ƙara, abin da za ka samu kuɗinka ne ko diyya. Sata da kisa kuwa laifi ne, hukuma ke gurfanarwa, kuma sai hujja ta kawar da shakka kafin a ɗaure mutum.

Ya ce Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ta hana kamu kan bashi kawai. Dattawa suka ƙara da cewa a riƙa rubuta yarjejeniya gaban shaidu.