Neman kalma: tsohon keken Baba ya koma agogon bango, me sunan wannan aikin da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, yau kalma nake nema ba kuɗi ba, don haka kowa ya saki jiki ya tsaya.

Akwai wani tsohon keken Baba, Raleigh ne, Rale ɗin nan mai birkin sanda da ake kawowa daga Ingila a da, ya fi shekara 20 a jingine a zaure, ƙafar baya ta lanƙwashe, kaca ta ci tsatsa har ta sandare. Sau biyu ɗan jari-bola yana taya shi Baba yana cewa albarka. Da kyar da lallami na samu ya bar min ƙafar gaba da kacar da babban farantin nan mai haƙora da feda ke juyawa, na ce agogon bango zan yi da su, ya dube ni ya ce to Allah ya shirya.

Bari in ɗan faɗi yadda aka yi don ku gane abin da nake nema wa suna. Ni na ɗauka sifok 36 ne a jikin garen, kaga 36 in ka raba 12 kowace awa ta samu uku kenan, shikenan an huta. Ina ƙirgawa sai na ga 32. Na sake ƙirgawa, 32 dai. Mai gyaran keken bakin layinmu ya yi dariya ya ce ai Rale ta da haka take, 32 gaba 40 baya, babu wanda zai rabu maka 12 a ciki. Abin da ya cece ni hujin bawul, shi na mayar ƙarfe 12 kuma nan ƙusa take shiga, daga nan na ƙirga takwas takwas na samu 3 da 6 da 9, sauran kuma zare na auna tsakani na ninka shi uku na sa alama da alli. Kacar na jiƙa a kananzir kwana biyu, na kwance ta gaɓa gaɓa, kowace awa gaɓa ɗaya, wurare huɗun nan manya kuma gaɓa uku uku.

Injin kuwa na wani agogon China ne da ya faɗo gilashinsa ya fashe, irin mai cin batir ƙarami guda ɗaya. Nan ne na sha wahala wallahi, don ƙarfen da hannuwa ke hawa gajere ne ba zai ratsa cibiyar ƙafar keke ba ko da an cire boris da komai, sai da mai walda ya liƙa guntun langa-langa a tsakiyar farantin muka huda muka ɓoye injin a baya. Sannan na yi wauta na ce hannuwan ma da sifok zan yi su. Hannun minti yana gangarowa lafiya lau, da ya wuce 6 ya fara hawa sai ya tsaya wajen 8 yana ta kakkarwa kamar akuya ta ga wuƙa. Nauyi ya yi masa yawa. Ƙarshe gwangwanin lemo na yanka na fente shi baƙi.

To ga inda maganar take. Ƙanwata ta ɗauki hoto ta sa a Instagram ta rubuta upcycling a ƙasa. Baba ya ce karanta min me ta ce, na karanta, ya ce me kenan da Hausa, sai na tsaya ina e to, wato, kamar dai... Ni da na yi aikin da hannuna na kasa faɗin sunansa da harshen uwata. Abin ya tsaya min a rai.

Don kar a cakuɗa, ba risaikilin ba ne, wanda gidajen rediyo ke cewa sake sarrafawa. Shi wannan narkewa ake yi ko niƙewa abu ya koma ɗanyen kaya, kamar yadda masu tukwane ke narka gwangwanaye da tsohon alminiyam su zuba tukunya, in ka ga tukunyar ba za ka taɓa cewa ga abin da take a da ba. Wanda nake nufi kuwa abin yana nan da kamanninsa, kowa ya gani ya san garen keke ne, amma ya bar aikinsa na da ya kama wani, kuma darajarsa ta ɗaga. A Turancin ma kalmar ba tsohuwa ba ce, ana danganta ta da wani injiniya Bajamushe Reiner Pilz da ya yi amfani da ita a wata hira a 1994, yana sukar yadda ake farfasa kayan tsofaffin gine-gine a niƙe su maimakon a mora su yadda suke. Aikin dai ya girmi sunan nesa ba kusa ba, tun 1942 shahararren mai zanen nan Picasso ya haɗa sirdin keke da kan keke ya fitar da kan bijimi, sirdin fuska, kan keken ƙahoni.

Ku kawo shawara.

Toh masha Allah amsoshi sun fara shigowa, bari in bi su.

Masu cewa kwaskwarima kun fi yawa, amma ku yi haƙuri ba ta shiga ba. In na yi wa keken Baba kwaskwarima ai fenti zan yi masa in sa sabon madigadi in goge ƙararrawa, ya tashi yana sheƙi amma keke ne har gobe, hawa za a yi. Haka tada komaɗa, ita ma mayar da abu ake yi kan aikinsa na asali. Gwanjo kuma ciniki ne ba aikin hannu ba. Wanda ya ce jari-bola, ɗan'uwa ai su tarawa suke su auna a sikeli su sayar, su ne ma suka so raba Baba da kekensa.

Wani bawan Allah daga Yamai ya ce in je Kasuwar Katako in ga abin mamaki, can da Faransanci rekup suke ce wa irin wannan. Na gode ƙwarai, mu ma nan akwai Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano inda tsohon ƙarfe ba ya mutuwa. Amma kaga kenan ku ma aro kuka yi, in kuka riƙe taku mu kuma muka ɗauki ta Ingila an rabu gida biyu a kan abu ɗaya, kamar yadda muka rabu a kan sauran kalmomin boko da yawa.

Sai wanda ya rubuto doguwar magana cewa wahalar da kai kawai nake, a ce afsaikilin a wuce wurin, wai ai keke da agogon da nake taƙama da su ma daga Yarbanci muka aro su, feda da birki da taya kuma daga Turanci, ba wanda ya mutu. Yallaɓai maganarka gaskiya ce kuma ni ba na cikin masu ƙyamar aro, ba zan taɓa ce wa birki abin tsayarwa ba. Amma ka lura, waɗannan duk baƙi ne da suka zo da sunansu a goshi, ba mu da feda kafin keke ya zo. Wannan aikin kuwa a gida ya tarar da mu. Wa bai san fitilar a-ci-balbal ta gwangwanin madara ba? Gugan rijiya na tsohon tib ɗin mota fa, da takalmin taya, da murhun gawayi na tsohon wilin mota, da rariyar da ake huda gwangwani a yi, da akwatin ƙarfe na durom? Mu da muka taso muna tura gare da sanda a layi har magariba, ai garen keke ne ya bar aikinsa ya kama wani. Abin da kakanninmu ke yi ba sai mun je Jamus aron sunansa ba. Kuma ka gwada sa tsohuwa ta ce afsaikilin ka ji abin da zai fito.

Yauwa, ga wadda nake jira. Wata malamar Hausa daga Zariya ta ce in daina neman fassara kalma da kalma, wai duk wanda ya tsaya sai ya fassara up ɗin da ke farkon kalmar, wato sama, zai ƙare da abu irin ɗaukaka-sarrafawa wanda ba mai faɗa sai a takardar jarrabawa. Ta ce in duba yadda Hausa ke raɗa wa abubuwa suna da kanta, aikatau ta kama suna a ɗaure su, dafa-duka, rufa-ido, tuma-ƙasa, kashe-wando, gajeru masu daɗin faɗa har da ɗan barkwanci a ciki. Sai ta kawo biyu, raya-tsoho da raya-bola.

Malama Allah ya ƙara basira, raya ɗin nan ta zauna daram. Tana da fuska biyu kuma duka muna so, raya abin da ya mutu, da kuma raya irin ta raya ƙasa da raya karkara wato ciyar da abu gaba. Kinga an samu farfaɗowa an samu ƙarin daraja a kalma ɗaya, abin da sake sarrafawa ba ta da shi kenan.

Tsakanin biyun ni raya-bola ta fi kwanta min, don kunne ya riga ya saba da jari-bola, da ka faɗa mutum zai gane unguwa ɗaya suke amma sana'a daban, wancan ya mayar da bola jari wannan ya ba ta rai. Na gwada ta a baki kuma ba ta yi tuntuɓe ba. Ɗan raya-bola ne. Tana koyar da mata raya-bola. Wannan kujerar raya-bola ce, da tayoyi aka yi ta. 'Yan raya-bolan Fanteka. Duk sun tafi sumul.

Na ga ƙorafinka Yaya, cewa keken Baba bai taɓa zuwa bola ba a zaure yake, kuma wa zai sayi kayan ado a rataya a falo ana ce masa bola. Ta farkon ba ta dame ni ba, 'yan jari-bola ma gida gida suke bi suna saye ba duka a juji suke tsinta ba kuma sunan bai hana ba. Ta biyun ce ta ɗan tsaya min, mai sayarwa zai so suna mai ƙamshi. Amma gwanjo ma da ai kunyar faɗa ake yi, yanzu har masu kuɗi cewa suke na gwanjo ya fi ƙarko.

Na kai wa Baba duka biyun bayan la'asar. Da na ce raya-bola ya ce kekena ne bola? Na yi sauri na ce to akwai raya-tsoho, ya ce wane tsohon, ni za ku raya? Umma tana daga kicin tana ta dariya. Don haka raya-tsoho ta faɗi a gidanmu, kuma ina jin a kowane gida mai dattijo haka za ta faɗi. Na sa ƙanwata ta goge na Turancin ta rubuta agogon raya-bola, wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo, ba a rufe ƙofa ba.

Shi dai Baba cewa ya yi mu kira shi duk abin da muka ga dama, amma agogon naku yana baya da minti biyar, ya gwada shi da kiran sallar azahar. Ina zargin hannun mintin ne har yanzu ya yi wa injin tsawo. Dan Allah wanda ya san inda ake samun injin agogo mai ƙarfi irin na manyan agogunan masallaci ya yi min magana.